Daren da Inji Ya Mutu

Kwana arba'in na yi a zauren Malam Namakka,
bayan kasuwar Bunza,
ina jan carbi har yatsana ya yi kanta.
An ce akwai haske. Na rufe ido ina jira
kamar mai jiran motar Jega ranar da ba kasuwa.
Abin da ya zo mini: ciwon gwiwa,
da lissafin buhun taki,
da fuskar Ɗanjega mai bi na bashi
tana leƙowa tsakanin istigfari da istigfari.

Na ce, Malam, ban ga komai ba.
Bai daina fiƙe alƙalaminsa ba.
"Mi kaka biɗa?" in ji shi.
"Tashi ka tai gona, shinkafa na jin ƙishirwa."

Na tafi da haushi.

Rani ne. Fadama ta kwanta baƙi ƙirin,
ni da injin ban-ruwa da sauro.
Tun magariba yake sambatu,
tat-tat-tat, kamar zuciyata,
har na manta ƙara ce, na ɗauka haka duniya take.

Can dare ya raba, ya yi tari biyu,
ya shaƙe.
Na girgiza jarka. Ko ɗigo.
Gari da nisa, fitila ta yi ja,
babu wanda zan zaga sai kaina.
Sai na zauna a kan kunya,
ba don ibada ba,
don dai babu abin yi.

Shiru ya sauko.
Ashe shiru ba kurma ba ne.
Kwaɗi suna ta nasu tun ɗazu.
Wani tsuntsu da ban san sunansa ba
yana maimaita kalma ɗaya a cikin burgu.
Ragowar ruwan da ke cikin bututu
yana silalewa fangali zuwa fangali,
ƙasa tana sha, ina jin haɗiyarta.

Sannan na ji wani abu kusa ƙwarai,
yana shiga, yana fita.
Numfashi.
Shekara hamsin da ɗaya yana wannan aiki,
ban taɓa zuba masa mai ba,
ban taɓa jan igiyarsa ba.
Ina barci ana ja mini,
ina ƙarya ana ja mini,
ranar da na ɗaga wa Tumba murya a gaban yara
ba a tsayar ba.

Wa ke ja?

Ban amsa ba. Tambayar ta zauna gefena
kamar tsohon aboki da ba ya bukatar hira.
Ɗanjega ya leƙo, na bar shi ya wuce.
Taki ya leƙo, ya wuce.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna.
Ruwan fangali ya daina rawa,
taurari suka sauko suka kwanta a ciki
tsakanin ƙafafun shinkafa,
ba su jiƙe ba.

Ban ga haske ba, kada in yi ƙarya.
Babu wanda ya kira sunana.
Kawai dai mai neman nan,
wanda ya cika zauren Malam da ƙishirwarsa,
na duba inda yake zama
na tarar da tabarma.

Sunan da na ja dubu-dubu da yatsa
ya fito sau ɗaya, da kansa,
tare da iska,
ya koma tare da ita.

Da asuba ladanin ƙauyen ƙetare ya yi kira,
muryarsa ta haye gulbi ba kwalekwale.
Na yi alwala da ruwan gona, da sanyinsa da lakarsa.

Bashi yana nan, ko kwabo bai ragu ba.
Na saɓa jarka na bi hanyar gari.
A ƙofar zaure Malam yana shanya allo.
Ya dubi lakar ƙafata, ya dubi fuskata,
ya ce, "Nawa a litar mai yanzu?"

Na faɗa masa.
Muka yi dariya har ya riƙe bango.